Jacob da Ɗan'uwansa Marar Suna: Wa Ya Ɗauki Alhakin Mutanen Tsibirin Lost?

A ƙasar Hausa tagwaye kan zo duniya da sunansu a hannu. Tun kafin ranar suna ta zagayo, kowa a gidan ya san wane ne Hassan, wane ne Hussaini, kuma ba a taɓa jin an raɗa wa ɗaya an bar ɗaya ba. Wataƙila shi ya sa abin da ya fi tsaya mini a rai cikin shirin talabijin na Amurka mai suna Lost shi ne wata haihuwa da aka nuna dab da ƙarshensa. Wata mata mai suna Claudia, wadda jirgin ruwansu ya tarwatse, ta haifi ɗa namiji a tsibiri ta ce sunansa Jacob, sai ga na biyu ya biyo baya, ta ce ai suna ɗaya kawai ta tanada. Kafin ta samu damar tunanin wani, matar da ta karɓi haihuwar ta ɗauki dutse ta kashe ta. Yaron nan ya girma, ya yi kisa, aka kashe shi, ya koma baƙin hayaƙi mai firgita mutane, har shirin ya ƙare ba a kira shi da suna ba ko sau ɗaya. Masu kallo suna ce masa Mai Baƙaƙen Kaya, saboda tufafin jikinsa.

Tashar ABC ce ta nuna Lost daga ranar 22 ga Satumba 2004 zuwa 23 ga Mayu 2010, zango shida, kashi 121. Labarin ya fara ne da faɗuwar jirgin saman Oceanic mai lamba 815, wanda ya taso daga Sydney ta Ostareliya zai tafi Los Angeles, a kan wani tsibiri da babu shi a taswira. Shekaru da dama masu kallo suna jin sunan Jacob a bakin mutanen da suka riga waɗanda suka tsira zama a tsibirin, suna kuma ganin wani hayaƙi yana tumɓuke bishiyoyi yana kashe mutane, ba tare da sun san akwai alaƙa tsakanin biyun ba. Sai a kashin ƙarshe na zango na biyar, cikin Mayu 2009, aka nuna su zaune a bakin teku, ɗaya da fararen kaya ɗaya da baƙaƙe. Tun daga ranar fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce Jacob wakilin alheri ne, abokin gabarsa kuma wakilin sharri, har wasu suna kai abin ga cewa misali ne na Ubangiji da Shaiɗan. Ni ban yarda da wannan fassarar ba. Abin da na gani shi ne rikicin gida tsakanin 'yan'uwa biyu da mariƙiyarsu ta cuta, kuma wanda mulki ya faɗa hannunsa a cikinsu ya jawo bayin Allah daga ko'ina cikin duniya suka biya kuɗin rikicin da rayukansu. Jacob yana da kaso mai nauyi a wannan alhaki, kuma fararen kayansa ba su isa su wanke shi ba.

Ba na zargin waɗanda suka ɗauki fassarar farko, domin marubutan shirin da kansu suka share mata hanya. Tun a kashi na biyu John Locke, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira daga faɗuwar jirgin, ya ɗaga ƙwayoyin wani wasan dara na Turawa yana nuna wa yaro Walt, ɗaya fara ɗaya baƙa, yana cewa wasan na ɓangare biyu ne, haske da duhu. Zaman bakin tekun nan ma haka aka tsara shi. Jacob ya kama kifi yana gasawa a gindin wani ƙaton gunki na Taweret, abar bautar Misirawan dā, suna hango jirgin ruwa yana tahowa. Mai Baƙaƙen Kaya ya ce ya san Jacob ne ya jawo su, kuma ya san yadda za ta kaya, domin mutane kullum zuwa suke yi su yi faɗa, su rushe, su lalata. Jacob ya amsa cewa ƙarshe sau ɗaya yake zuwa, duk abin da ya gabace shi ci gaba ne. Musulmin da ya ji wannan muhawara da wuya ya kasa tuna aya ta 30 a Suratul Baƙara, inda mala'iku suka tambaya ko za a sanya a bayan ƙasa wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini. Kiristan da ya ji ta kuma zai tuna farkon littafin Ayuba, ko labarin Yakubu da tagwayensa Isuwa da rikicinsu kan matsayin ɗan fari. Kamannin a fili yake, kuma da gangan aka sa shi.

Sai dai kamanni ba hujja ba ne. Jarraba bayi haƙƙi ne na wanda ya halicce su, wanda ya san abin da ke cikin zukatansu, wanda kuma yake da ikon saka wa kowa daidai da abin da ya sha. Jacob ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum ne da mace ta haifa, yana jin haushi, yana kishi, yana kuskure, kuma wuƙa ta kashe shi. Da Richard Alpert, wanda daga baya ya zama wakilinsa, ya roƙe shi ya dawo masa da matarsa da ta rasu, ya ce ba zai iya ba. Da ya roƙe shi ya yafe masa zunubansa, ya ce wannan ma ba zai iya ba. Mutumin da ya san iyakarsa haka, amma ya ci gaba da jefa 'yan'uwansa mutane cikin jarrabawar da babu wanda ya nemi izininsu a kanta, ya ɗauki matsayin da ba nasa ba. Duk wanda ya fassara shi a matsayin misalin Ubangiji ya ba shi uzurin da shirin kansa bai ba shi ba.

Kashin da ya warware asalin rikicin, wanda aka nuna ranar 11 ga Mayu 2010, yana cikin waɗanda masu kallo suka fi kushewa, domin ya ɗauke su daga taurarin da suka saba da su a lokacin da saura kashi kaɗan shirin ya ƙare. A ganina shi ne mabuɗin komai. Matar da ta kashe Claudia ta reni yaran a matsayin uwarsu, ta gaya musu babu komai a hayin teku, babu wata ƙasa sai wannan tsibiri, kuma babu wasu mutane. Da suka ga mutane da idonsu, ta sauya magana ta ce mugaye ne, ta kawo kalmomin nan na faɗa da rushewa da lalatawa. Ashe ra'ayin da Mai Baƙaƙen Kaya yake karewa a bakin teku ba shi ya ƙirƙire shi ba, a bakin mariƙiyarsa ya tsince shi tun yana yaro. Ta kai su wani kogo mai haske ta ce wannan hasken shi take tsaro, kuma wata rana ɗayansu zai gaje ta. Ta kuma ce ta yi abin da zai hana su cutar da juna. Ba ta ɓoye wanda ta fi so ba: marar sunan take kallo a matsayin na musamman, Jacob kuwa yaro ne mai biyayya da bai iya ƙarya ba.

Yaron da aka fi so shi ne ya fara gano gaskiya. Yana ɗan shekara goma sha uku fatalwar mahaifiyarsa ta bayyana gare shi, ta nuna masa mutanensu, ta gaya masa wadda ta kashe ta. Ya tattara ya koma cikin mutanen, ya roƙi Jacob ya biyo shi, Jacob ya ƙi, duk da matar ta amsa masa cewa lallai ita ta yi kisan. A nan nake ganin halin kowannensu ya kafu. Ɗaya ya zaɓi gaskiya mai ɗaci ya rasa gida, ɗayan ya zaɓi gida ya haɗiye ƙaryar, domin abin da yake nema a rayuwa shi ne matar nan ta so shi kamar yadda take son ɗan'uwansa. Shekara talatin marar sunan ya yi cikin mutane, yana aiki tare da su, yana haƙa rijiyoyi a wuraren da ƙarfe ke nuna wani irin motsi, yana neman hanyar barin tsibirin. Jacob yakan zo su yi wasan senet, tsohon wasan allo na Misirawa da suka tsinta suna yara. Wata rana Jacob ya ce shi bai ga mutanen nan da wani mugun hali ba, ɗan'uwan ya ce masa faɗin haka yana da sauƙi ga wanda yake leƙen su daga nesa. Wannan amsa ta bi Jacob har ƙarshen rayuwarsa, domin duk tsawon mulkinsa daga nesa yake ƙaunar mutane, ta cikin madubin wata hasumiya da yake kallon gidajensu, bai taɓa zama cikinsu ya ɗanɗana abin da suke ɗanɗana ba.

Abin da marar sunan ya nema bai wuce ya tafi ƙasar mahaifiyarsa ba. Da ya kusa cimma burinsa, matar ta same shi a cikin rijiya, ta rungume shi, ta buga kansa da bango. Ya farfaɗo ya tarar an cike rijiyar, an ƙone ƙauyen, an kashe kowa. A tsakanin nan ta kai Jacob bakin kogon hasken ta shayar da shi ta naɗa shi magaji, shi kuwa yana faɗa mata cewa ya san ɗan'uwansa ta so ba shi ba, kuma ba a ba shi zaɓi ba. Marar sunan ya soke ta da wuƙa, ta yi masa godiya kafin ta cika. Jacob ya zo ya ga gawar, ya lakaɗa wa ɗan'uwansa duka, ya ja shi zuwa rafin da ke shiga kogon ya jefa shi, alhali matar ta riga ta gaya masa cewa shiga wurin ya fi mutuwa muni. Abin da ya fito daga kogon shi ne baƙin hayaƙin. Ke nan dodon da Jacob ya shafe ɗaruruwan shekaru yana cewa yana kare duniya daga sharrinsa, da hannunsa ya yi shi, cikin fushi, a kan ɗan'uwan da aka riga aka raba da uwa da suna da jama'a. Gawarwakin biyu da ya kwantar a wani kogo tare da dutse fari da baƙi su ne ƙasusuwan da Jack da Kate, biyu daga cikin waɗanda suka tsira, suka gano a zango na farko, waɗanda Locke ya kira Adamu da Hauwa'u.

Daga nan sai batun da ya fi damuna, wato abin da Jacob ya yi da mulkin da ya gada. Kashin da ya ba da tarihin Richard ya fayyace shi. A 1867 Richard talaka ne a tsibirin Tenerife, ya kashe wani likita bisa kuskure yana neman maganin matarsa Isabella, aka sayar da shi bawa a jirgin ruwan Black Rock, guguwa ta wurga jirgin tsakiyar tsibiri. Wani jami'in jirgin ya karkashe sauran bayin, hayaƙin ya karkashe ma'aikatan, Richard kaɗai ya rage cikin sarƙa. Da ya haɗu da Jacob, Jacob ya amsa cewa shi ya kawo jirgin. Ya ɗauki kwalbar giya ya ce abin da ke ciki shi ne sharri, tsibirin kuma shi ne toshiyar da ke hana shi malala cikin duniya. Ya ce abokin gabarsa yana ganin kowane mutum mai lalacewa ne, shi kuma yana kawo mutane ne domin ya nuna masa ya yi kuskure. Richard ya tambaye shi ko an kawo wasu kafin su, ya ce da yawa. Ya tambaya ina suke, ya ce duk sun mutu. Ya faɗi haka ba tare da muryarsa ta girgiza ba.

Hujjarsa ita ce ba ya so ya tsoma baki, yana so mutane su bambance daidai da kuskure da kansu, domin in ya tilasta musu abin ba shi da ma'ana. Maganar tana da daɗin ji, kuma masu kare shi a kanta suke tsayawa, suna cewa Jacob mai girmama 'yancin zaɓi ne. Amma wane zaɓi ne ya rage wa bawan da ke ɗaure a cikin jirgin da aka jawo shi cikin guguwa? Wanda ya kawo ka inda ba ka nufa ba, ya ajiye ka kusa da abin da ya san zai iya kashe ka, sannan ya koma gefe ya naɗe hannu, ya riga ya tsoma baki tun a matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Richard, wanda ba malami ba ne, nan take ya ga ramin da ke cikin hujjar, ya ce masa in kai ba ka shiga ba, shi zai shiga. Jacob ya yi shiru kamar wanda bai taɓa tunanin haka ba, sannan ya naɗa Richard wakilinsa. Wato sai da wani bawa da ya sha wahala ya zo ya nuna masa abin da ke gaban idonsa, bayan rayuka masu yawa sun salwanta.

Naɗa wakili ma bai gyara lamarin ba, sai ya haifar da irin mulkin da muka sani sarai, inda mai gari yake can cikin soro ba a ganinsa, fadawa suna fitowa da umarni da sunansa, babu mai iya tantance wanne ne nasa wanne ne nasu. Mutanen da suke kiran kansu mabiyan Jacob sun sace yara daga cikin waɗanda suka tsira, sun tsare mutane a keji, kuma da hannunsu aka hallaka ma'aikatan ƙungiyar binciken Dharma da iskar guba, aka zuba gawarwakinsu a rami ɗaya. Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma na daɗe ina ganin karin maganar nan ta fi yi wa sarakuna hidima fiye da gaskiya. Sarkin da ya san abin da ake yi da sunansa, yana da ikon hanawa da kalma ɗaya, ya zaɓi shiru, shirun nan nasa hukunci ne. Shirin bai taɓa nuna Jacob yana ba da umarnin waɗannan ayyuka ba, amma bai taɓa nuna shi yana hana su ba, kuma yana zaune a tsibirin duk lokacin da ake yin su, yana saƙa a ɗakinsa da ke ƙarƙashin ƙafar gunki.

Mutuwarsa ma daga wannan shirun ta fito. Ben Linus ya shugabanci mutanen Jacob shekaru, yana karɓar jerin sunaye da umarni, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya kamu da ƙari a ƙashin baya a tsibirin da wasu ke warkewa, an harbe 'yar da ya rena, Alex, a gaban idonsa, an kore shi. Da ya tsaya gaban Jacob a ƙarshe ya zazzage abin da ke cikinsa, ya tambaye shi shi fa, mene ne matsayinsa, Jacob ya mayar masa da tambayar cikin sanyin murya kamar bai san da zamansa ba. Ben ya soke shi, kamar yadda Mai Baƙaƙen Kaya ya zuga shi ya yi. Ben mugun mutum ne, maƙaryaci, mai kisa, kuma ba na neman a tausaya masa fiye da kima. Abin lura shi ne Jacob, wanda ya san zafin zama ɗan da ba a fi so ba, ya yi wa mabiyinsa daidai abin da mariƙiyarsa ta yi masa. Kafar da Mai Baƙaƙen Kaya ya daɗe yana nema domin ya kewaye dokar da ta hana shi kashe ɗan'uwansa, Jacob ne ya buɗe ta da halin ko-in-kula.

Akwai kuma ziyarce-ziyarcen da ya kai wa waɗanda ya zaɓa daga cikin fasinjojin jirgin 815, waɗanda aka rubuta sunayensu da lambobi a rufin wani kogo: 4 Locke, 8 Hurley, 15 Sawyer, 16 Sayid, 23 Jack, 42 ɗaya daga cikin ma'auratan nan Sun da Jin. Ana kiran su 'yan takarar gadon tsibirin, alhali babu wanda ya tsaya takara a cikinsu. Ya samu Sawyer yana yaro ranar jana'izar iyayensa, yana rubuta wasiƙar ɗaukar fansa alƙalaminsa ya ƙi, sai ya miƙa masa wani. Wasiƙar nan ita ta ja rayuwar yaron har ya kashe mutumin da ba shi ne ya cuce shi ba a Ostareliya. Ya tsayar da Sayid a bakin titi da tambayar hanya, a daidai lokacin da mota ta buge matarsa Nadia. Mai kare shi zai ce ya ceci Sayid ne, kuma mai yiwuwa haka ne, amma ya ceci wanda yake da amfani gare shi ya bar wadda ba ta cikin lissafinsa.

Duk wannan ba ya nufin ɗan'uwan nasa mai gaskiya ne, kuma ina ganin waɗanda suka juya fassarar suka mai da shi gwarzo sun yi kuskure irin na farko. An zalunce shi, sannan ya zama azzalumin da ya wuce waɗanda suka zalunce shi. Dabararsa ita ce ya leƙa zuciyar mutum ya gano inda take ciwo, ya ɗauki siffar mamacin da mutumin yake kewa, ya ja shi da wannan igiyar. Ya zo wa Richard a siffar Isabella, ya zo wa Ben a siffar Alex, ya zo wa Jack a siffar mahaifinsa. Mista Eko, ɗan Nijeriyar da Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa, ya gamu da shi a siffar ƙanensa Yemi. Eko tun yana yaro ya harbe wani mutum domin kada 'yan bindiga su tilasta wa Yemi yin kisan, daga nan rayuwarsa ta bi hanyar fataucin ƙwaya. Da aka nemi ya yi iƙirarin zunubansa, ya ce bai nemi rayuwar da aka ba shi ba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa da ita. Hayaƙin ya kashe shi nan take, kuma fahimtata ita ce ya kashe shi ne domin ya ga mutumin da ba shi da igiyar nadama da za a ja shi da ita.

Abin da ya yi wa Locke ya fi wannan muni. Locke mutum ne da mahaifinsa ya yaudare shi ya karɓe masa ƙoda, ya turo shi daga bene hawa takwas ya gurgunce, ya zo tsibirin ya miƙe da ƙafafunsa, ya yi imani cewa an zaɓe shi domin wani babban aiki. Mai Baƙaƙen Kaya ya yi kiwon wannan imani har ya kai shi ga yarda cewa sai ya mutu, sannan ya ɗauki siffarsa yana yi wa marigayin ba'a a gaban waɗanda suka san shi. Ya bar Claire, wata daga cikin waɗanda suka tsira, ta haukace a daji shekara uku da ƙaryar cewa an sace mata jariri. Ya hallaka waɗanda suka ƙi bin sa a haikalin da mabiyan Jacob suke zaune. Ya sa bam a jakar Jack, abin da ya jawo mutuwar Sayid da Sun da Jin a jirgin ƙarƙashin teku. Wanda ya yi waɗannan dole a tsayar da shi, ko da a ce fitarsa daga tsibirin ba za ta cutar da kowa ba. Yana cewa mutane mayaudara ne masu son kai, kuma babu wanda ya kai shi yaudara da son kai a cikin labarin.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawo mini ita ce shirin da kansa ya goyi bayan Jacob a ƙarshe. Hasken gaskiya ne, domin da Desmond, wani da kwale-kwalensa ya faɗa tsibirin tun kafin faɗuwar jirgin, ya zare dutsen da ya toshe tushensa tsibirin ya fara rugujewa. Fatalwar Isabella ma ta gargaɗi Richard ta bakin Hurley cewa a hana Mai Baƙaƙen Kaya fita. Na yarda da wannan, kuma ina ganin a nan marubutan, Damon Lindelof da Carlton Cuse, suka ɗan ja da baya daga zurfin abin da suka gina, domin zango na shida yana bukatar abokin gaba da za a yaƙa a kan dutse cikin ruwan sama. Sai dai ingancin aikin tsaron hasken ba ya halatta duk abin da mai tsaron ya yi. Tsare hasken abu ɗaya ne, jawo jiragen mutane domin a ci gardama da ɗan'uwa wani abu ne dabam, kuma na biyun Jacob ne ya ƙara shi. Tun suna yara, da Jacob ya yi ƙorafi kan dokokin senet, ɗan'uwan ya ce masa wata rana zai ƙirƙiro nasa wasan kowa ya bi dokokinsa. Ya ƙirƙiro shi kuwa, da mutane a matsayin ƙwayoyi. Marubutan sun kuma bar wata alama da ke nuna ba su ɗauki ɓangarorin a matsayin fari tas da baƙi ƙirin ba: umarnin da Mai Baƙaƙen Kaya ya ba Richard, cewa ya soki Jacob da wuƙa kafin ya buɗe baki, shi ne Dogen, shugaban haikali, ya ba Sayid a kan Mai Baƙaƙen Kaya. Kowane ɓangare yana tsoron a saurari ɗayan.

Abin da ya ɗan daga darajar Jacob a idona shi ne zaman da ya yi da Jack da Kate da Sawyer da Hurley a bakin wuta, bayan mutuwarsa, a kashin da ya gabaci na ƙarshe. A nan ya furta cewa ya yi kuskure tun da daɗewa, kuma kuskuren ne ya jawo duk abin da ya same su. Sawyer ya tambaye shi dalilin da zai sa su ɗauki hukuncin laifin wani, ya ce shi yana zaman lafiyarsa kafin a jawo shi. Jacob ya ce babu ɗayansu da ke cikin jin daɗi, ya zaɓe su ne domin su ma masu rauni ne, kaɗaitattu, kamar shi. Amsar tana da gaskiya a ciki, amma ba ta biya ba, domin kasancewar mutum cikin ƙunci ba ya ba wani izinin ɗauke shi, kuma jirgin 815 ya ɗauko mutum 324, mafi yawansu ba su cikin kowane jeri. Duk da haka ya yi abu ɗaya da ba a yi masa ba, ya ce ba zai naɗa kowa ba, wanda ya ga zai iya ya miƙa kansa. Jack ya miƙa kansa.

Jack bai daɗe a kan aikin ba. Bayan an zare toshiyar, Mai Baƙaƙen Kaya ya koma mai jini da tsoka, Kate ta harbe shi, Jack ya tura shi daga kan dutse, sannan ya miƙa wa Hurley tsaron tsibirin ya sauka ya mayar da dutsen, ya mutu a cikin gorar da ya fara buɗe ido a kashin farko. Hurley, wanda duk tsawon shirin shi ne mai raba abinci da lallashin masu kuka, ya tsaya a rikice bai san abin yi ba. Ben ya ba shi shawara ya fara da taimaka wa Desmond ya koma wurin matarsa da ɗansa. Hurley ya ce ai mutane ba sa iya barin tsibirin, Ben ya ce wannan tsarin Jacob ne, mai yiwuwa akwai hanyar da ta fi ta. Ashe dokar da aka ɗauka ta tsibiri ce, ta mutum ɗaya ce, kuma ana iya ɗage ta. Aikin farko da aka sa a gaban sabon mai tsaron shi ne ya bar wani mutum ya tafi gida, wato abin da yaron nan marar suna ya roƙa tun yana ɗan shekara goma sha uku.